Tsakuwa a Takalmin Gwaggo

Takardar ta iso ranar Litinin, sakin layi biyu kacal. Za a kwashe ɗakin sauti na gidan rediyon, wanda ke bayan matattakala, a mayar da shi ɗakin ɗaukar bidiyo don intanet. Ma'aikacin da ke cikinsa zai koma ɗakin ajiyar tsofaffin kaset har lokacin ritayarsa. Duk sautin da wasan kwaikwayo ke buƙata, daga yanzu kwamfuta za ta bayar.

Darakta ta karanta sau biyu. Ita ke rubuta wasan da gidan ke sakawa kowace Laraba da la'asar, ita ke shirya shi, shekara tara ke nan. Ta naɗe takardar, ta sauka ƙasa.

Ma'aikacin, kowa Baba Taku yake ce masa. Dogo ne siriri, shekararsa talatin da ɗaya a ɗakin. Idan aka buɗe ƙofa a cikin wasa, shi ya buɗe. Idan aka yi ruwa, shi ya zubo shi. Ɗakin nasa bai fi taku shida ba a tsayi. A ƙasa akwai akwatuna huɗu marasa zurfi: na yashi, na tsakuwa, na siminti, na katako. A kusurwa akwai wata 'yar ƙofa da ba ta kai ƙugu ba, mai sakata biyu da kwaɗo, wadda ba ta shiga ko'ina. Akwai fallen kwano na tsawa, da ledar biskit ta ƙarar wuta, da tulin zaren kaset da yake takawa idan ana tafiya cikin ciyawa. Bango guda kuwa takalma ne, sun fi ƙafa arba'in, kowanne da 'yar takarda a ɗaure mai sunan wanda ke sa shi a wasa.

"Baba, ka ga takarda?"

"Na gani, 'yata. Har an zo an auna bango."

"Ba ka ce musu komai ba?"

"Na ce su yi hankali da ƙofar nan, tana cizon yatsa."

Ya ci gaba da goge wani takalmin makaranta. Mai takalmin ya girma a cikin wasan tun shekara huɗu da suka wuce.

Ta hau wurin Manaja. Sabon zuwa ne, wata biyar, ba mugu ba ne, mutum ne mai son lamba. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa.

"Sauti dubu arba'in, Darakta. Ƙofa kaɗai iri ɗari uku. Baba yana da guda ɗaya, ita ma rabi."

"Yallaɓai, guda ɗayan ce mutane suka sani."

"Mutane magana suke saurare, ba ƙofa ba. Kafintoci sai ƙarshen wata. A rufe ɗakin, a gwada. Idan wani ya lura, ki zo ki gaya mini."

Mako biyu ba wanda ya lura. Injiniya, mai haɗa sautin gidan, mutum ne mai hannu da kunne, kuma aikin da kan ci yini guda yana gama shi kafin shayinsa ya huce. Tsawarsa ta fi ta fallen kwano, wannan ko Darakta ba ta musa ba. Ta fara tashi daga aiki da wuri. Idan za ta wuce ɗakin kaset sai ta ƙara sauri.

A mako na uku aka zo wurin da ta yi wata bakwai tana gini. A cikin wasan akwai Gwaggo, tsohuwa mai kaifin baki, da ɗan ƙaninta Tela, wanda ta raina tun yana yaro. Sun ɓata tun da ya sayar da keken ɗinkin mahaifinsa, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Yanzu Tela yana kwance da zazzaɓi da tsakar rana, barci ya ɗauke shi. Sai a buɗe ƙofa. Taku biyar. A ajiye filas ɗin shayi kusa da gado. Taku biyar, a rufe ƙofa. Babu kalma ko ɗaya. Gwaggo ce ta sauko daga fushinta, amma girman kai ya hana ta magana. A takarda Darakta ta rubuta: "Gwaggo ta shigo, ta ajiye, ta fita."

Injiniya ya nemo takun mace a kan siminti, iri goma sha takwas. Suka zaɓi na sha huɗu, mai laushi. Aka saka.

Washegari da safe akwai filin kiran waya na masu sauraro. Darakta tana kicin ɗin ma'aikata tana jira ruwa ya tafasa, rediyon bango na kunne.

"Ni dai a gaya wa Tela kada ya sha shayin nan," in ji wani direba, ana jin hon a bayansa. "Ba mu san wace ce ba."

"Tsohuwar budurwarsa ce," in ji wata mata. "Na ji tafiyar, ta mai rangwaɗa ce. Mara kunya, mutum na kwance."

Mai gabatarwa, wanda ya karanta rubutun, ya yi ƙoƙari. "To Hajiya, idan kuma Gwaggo ce fa?"

"Wace Gwaggon? Ɗana, Gwaggo da ƙafar tata? Ko an kai ta asibiti ne ba a gaya mana ba?"

Mutum ashirin da shida suka kira. Ba ɗaya da ya ce Gwaggo ce. Uku sun ambaci ƙafa.

Darakta ta bar ruwan yana tafasa. Ita ta ƙirƙiri Gwaggo, ta san shekarunta, ta san abin da mijinta ya mutu da shi, amma ba ta san wata ƙafa ba. Mai yin muryar Gwaggo kuwa 'yar shekara talatin ce, da dogon takalmi take zuwa aiki.

Ta sami Baba Taku a ɗakin kaset yana jera su bisa shekara.

"Baba, me ya sami ƙafar Gwaggo?"

Ya dube ta ta saman gilashi. "Ke za a tambaya. Ke kika kayar da ita."

"Ni?"

"Shekara uku da suka wuce, a bakin famfo. Ta zame, ta zagi mai gidan haya, aka yi dariya."

Ta tuna da ƙyar. Layi ɗaya ne, ta sa shi ne don cike minti guda da ya rage.

"To ai wannan ya wuce tuni."

"Ba ki rubuta ta warke ba, 'yata. Na yi ta jira. Tsohuwa ta faɗi a kan siminti, ba a kai ta ko'ina ba, kuma ba mai faɗa wa kowa ciwonta ba ce. Ni kuma ba likita ba ne da zan sallame ta."

Ya ciro makulli daga aljihu, makullin da aka ce ya mayar. Suka je bayan matattakala. Ya sauko da wasu silifas na roba, shuɗɗa, waɗanda ba su kai tsawon ƙafarsa ba. Ya juya na hagu a tafin hannunsa, wata 'yar tsakuwa ta faɗo, ba ta fi ƙwayar wake ba, ta yi sumul.

"Idan na yi ɗingishi da gangan, kunne yana ganewa," in ji shi. "Sai dai a sa abin da zai yi ciwo, sannan a yi ƙoƙarin tafiya daidai. Abin da ya rage shi ne Gwaggo."

"Shekara uku kana taka wannan?"

"Laraba kawai. Da damina nakan sa babba, sanyi yana tayar mata da shi."

Darakta ta juya ga bangon takalman. Ta tambaye shi takun Tela. Ya ce tun da ya sayar da keken ya daina ɗaga ƙafa sosai. Ta tambayi na mai gidan haya. Ya ce wannan da diddige yake fara takawa, kamar kowane wuri nasa ne. Duk ba ta rubuta ba. Amma ta tuna sau nawa ta zauna sauraren shirin da aka gama, ta ji a ranta cewa Gwaggo ta fara gajiya, ta koma ta rubuta mata rashin lafiya tana ganin tunaninta ne.

Manaja kuwa murna yake. "Kira ashirin da shida! Mu bar su cikin duhu, a ci gaba da gardama."

"Yallaɓai, ka ce idan wani ya lura in zo. Na zo. Kuma wata bakwai na yi ina gina sulhun nan, yanzu rabin gari na jiran a mutu da guba."

"Sai Injiniya ya sa mata ɗingishi. Minti nawa ne?"

Yini biyu ne. Injiniya ya yanka takun, ya ja na hagu, ya rage masa nauyi, ya ƙara jan roba a ƙasa. Da ya gama, shi da kansa ya je ya kira Baba Taku, ya sa masa abin ji a kunne. Manaja ya sauko don ya ga ƙarshen maganar.

Baba Taku ya saurara ido a rufe. "Aiki ya yi kyau, Injiniya. Wallahi da ni ne da shekara zan yi. Amma wannan matar so take a ce mata sannu."

"Ita fa Gwaggo?"

"Gwaggo idan ka ce mata sannu sai ta tambaye ka uban wa ya ce ba ta da lafiya."

Injiniya ya yi dariya, ya sake saurare, dariyar ta tsaya. "Gaskiyarsa, Yallaɓai. Nawa kowane taku iri ɗaya ne. Zan iya gyarawa, amma sai ya taka na ji tukuna."

Haka aka buɗe ɗakin, Injiniya ya kafa makirfo kusa da akwatin siminti. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa, karonsa na farko, yana duba agogo. Baba Taku ya cire takalmansa, ya jefa tsakuwar, ya tura ƙafa cikin shuɗɗan silifas, diddigensa a waje. Dogon mutum mai furfura cikin takalmin tsohuwa, da filas a hannu. Manaja ya danne dariya.

"Ka rufe ido, ranka ya daɗe," in ji Baba Taku. "Aikin ba na kallo ba ne."

'Yar ƙofar ta buɗe a hankali, irin buɗewar wanda ba ya son a ji. Shiru. Taku ɗaya cikakke, na biyu gajere da ɗan ja. Na uku, na huɗu. Kafin na biyar aka tsaya, tsayuwar da ba ta cikin rubutu, ta kai daƙiƙa uku. Sannan filas ya taɓa ƙasa. Da za a fita, takun ya fi sauri, kuma ɗingishin ya fi fitowa.

"Me ya sa ta tsaya?" Manaja ya tambaya, idonsa har yanzu a rufe.

"Ta ga yadda ya rame."

"Da fitar fa?"

"Ta juya masa baya, ba mai ganinta. Ba sai ta ɓoye ba."

Manaja ya buɗe ido. Ya dubi bango, ya dubi alamar alli da masu awo suka bari, ya dubi Darakta.

"Na riga na yi wa masu bidiyo alkawari," in ji shi. "Amma za su iya jira. Muddin matar nan tana tafiya a cikin wasa, ɗakin yana nan. Ranar da ta daina, a kwashe." Ya gyara wuyan rigarsa. "Na karanta tsarin wasan na zangon nan, Darakta. Saura mako shida ta rasu."

"Haka na rubuta, Yallaɓai."

Ranar Laraba aka maimaita wurin, aka ce Tela ne yake tunawa cikin zazzaɓi. Washegari matar nan ta sake kira. "Yanzu na ji batu. Allah sarki Gwaggo. Amma wancan makon wa kuka tura?" Injiniya ya nemi izini ya riƙa ajiye duk takun da Baba Taku ya yi, da kwanan wata da abin da ke damun mai takalmin a ranar. Baba Taku ya ce ya ajiye, ai taku ba ya cin abinci.

Da yammacin ranar, Darakta ta buɗe tsarin zangon a ofishinta. Mutuwar Gwaggo shafi huɗu ce, kuma ta san ba ta taɓa rubuta abin da ya fi su kyau ba. Ta karanta su har ƙarshe. Ta cire su, ta sa a aljihun tebur na ƙasa, ta rubuta layi ɗaya a madadinsu. Sannan ta sauka bayan matattakala.

"Baba, Gwaggo ta samu sauƙi. Tela zai kai ta asibiti mako mai zuwa. Amma likita ya ce sai da sanda."

Baba Taku ya juyo. Ya ajiye tsumman da ke hannunsa.

"Ta ƙarfe ko ta itace?"

"Da bambanci?"

"Ta ƙarfe asibiti ke bayarwa, ba za ta yarda a gan ta da ita ba. Ta itace kuwa, tana iya cewa ta korar kaji ce."

"Ta itace."

"To ki ba ni zuwa Litinin. Sai na nemo mai ɗan nauyi, don na san wani zai sha ta."