Tabarma a Gaban Murhu

Kun ga yara suna kumbura bayan allura, kuka kau da kai! A 1958 lokotoro, wato babban likita, ya aiko ma'aikacinsa Muntari daga Zinder, ya zauna a ɗakin maganin wani ƙauye, ya rubuta ko ana dafa allurai.

Zakari, dattijon da ke yin allura a wurin, ya shimfiɗa masa tabarma gaban murhu. "Haba ɗana, baƙonmu ya rakuɓe a lungu?"

Kwana goma tukunyar allurai tana tafasa a gabansa. Muntari ya koma gida mako guda, ya dawo ya tarar da yara uku cinya a kumbure. Ya rasa me zai rubuta, don idonsa bai ga laifi ba: sai yana nan ake dafawa.

Ku iyaye, kada ku miƙa ɗa sai kun ga ruwan yana tafasa!