Neman Wule a Duwatsun Roni

Wule ba ta dawo tare da garke ba ranar Talata da yamma. Ita kaɗai ce saniyar da ta rage wa Inno cikin bakwai ɗin da mahaifinta ya bar mata. Sauran yunwa da ciwon huhu sun kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Bazarar bana ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare, shanu sun rame har haƙarƙarinsu ya fito fili. Duk makiyayi ya san ƙarshen saniya irin wannan: sai ta kwanta a wani lungu ta kasa tashi. In an same ta da wuri, a zura mata itace ƙarƙashin ciki a ɗaga ta, a ba ta dusa da kanwa, ta rayu. In an ɗan makara, a yanka ta, nama ya halatta, a sayar a sayi maraƙa. In an makara sosai, ta zama mushe, an tashi a tutar babu.

Musaddiƙ, ɗan Inno na fari, ya shirya fita nema da sassafe ranar Laraba. Ya yi karatun kiwon lafiyar dabbobi, ya dawo ruga da takarda babu aiki. Ya rataya jakarsa mai sirinji da kwalbar magani, ya ɗauki gorar ruwa. Kawu Halliru, yayan Inno, ya fito da sandarsa, wuƙa soke a ɗamara.

Inno ba ta kiran sunan ɗan fari. Ta tsaya a bakin bukka ta ce, "Kai, in ka gan ta a kwance kada ka tsaya buɗe littafi. Ka kira kawunka."

"To, Inno."

"Ba ni da wata," in ji ta, ta koma ciki.

Duwatsun da ke bayan rugar ba su da iyaka ga mai neman saniya guda. Tsagi bayan tsagi, kwazazzabo bayan kwazazzabo, kowanne zai iya haɗiye raƙumi. Sun yi ta zagaye har hantsi ya dubi ludayi. Daga nan Kawu ya hau wani faffaɗan dutse mai tsamiya a gefe, ya zauna, ya kare ido da tafin hannu, ya ɗaga kai sama.

"Kawu, mu ci gaba mana."

"Yi haƙuri, Likita. Ƙafa ba ta neman saniya a nan. Bari rana ta ƙara zafi, za su tashi."

Ungulu yake jira. Haka iyaye da kakanni suka yi ta gano dabbar da ta ɓace a waɗannan duwatsu. Ungulu tana hango saniyar da ta kwanta tun kafin ranta ya fita, ta fara shawagi a kanta, wata ta hango wata, maiki ya taso daga can ƙololuwa ya shiga cikinsu. Makiyayi yana nesa zai ga zoben tsuntsaye yana juyawa, ya nufi ƙarƙashinsa da gudu, sau da yawa ya tarar da dabbarsa da sauran numfashi. Shi ya sa aka ce ungulu ba ta jewar banza.

"Kawu, don Allah yaushe rabonka da ganin ungulu?"

"Ƙaura suka yi. Za su dawo."

"Ƙaurar da aka yi a cikin buhu?"

Kawu bai sauke kansa ba. "Bokon naka har ya kai ga yi wa kawunka gatse."

Shekara uku ke nan da dila da karnukan daji suka addabi tumakin ruga. Mazan ruga, Kawu a gabansu, suka barbaɗa maganin ƙwari a gawar jaki suka ajiye a gindin dutse. Da gari ya waye dila biyu ne suka mutu, ungulu kuwa sun fi talatin, zube kamar an shanya tsumma. Kafin azahar wani baƙo ya iso a babur, ya sare kawunansu ya cika buhu, ya ce masu tsibbu na nema. Ba wanda ya hana shi. Ƙazamar tsuntsuwa ce, wa zai yi makokinta? Haka aka yi a wannan ruga, haka aka yi a ta gaba, har rufin mahauta a kasuwa ya zama wayam. Kuma mutanen da suka kashe su da hannunsu su ne yau suke zaune suna duban sama, suna cewa Allah zai kawo.

Musaddiƙ ya bar shi a nan ya gangara shi kaɗai. Tunda sama ba ta da labari, sai ya koma duban ƙasa. A bakin wata hanyar awaki ya ga buzuzu biyu suna mirgina ƙwallon kashin shanu. Buzuzu ba ya wahala a kan busasshe. Ya taɓa kashin da tsinke, cikinsa da ɗan danshi, na jiya ne. Ya bi ta nan. Gaba kaɗan koren ƙuda ya wuce ta gefen kunnensa, sannan wani, duka suna nufar gabas. Ya tsaya ya kasa kunne. Hankaka ya tashi daga wani tsagi, bai yi sama ba, ya sauka a kan dutse ya goge baki, ya sake faɗawa ciki.

A nan ya same ta. Ƙafarta ta baya ta maƙale tsakanin duwatsu biyu ta karye, ƙashi ya huda fata. Ƙudaje sun jera ƙwai a bakin raunin, fari fat kamar tsakin shinkafa. Tururuwa na shiga hancinta suna fita. Hankaki sun riga sun cire idon da ke sama. Amma cikinta yana ɗagawa, yana sauka.

"Wule," ya ce. Kunnenta ya motsa.

Kallo ɗaya ya ishe shi ya san allura ba ta da aiki a nan. Saura yanka. Ya kai hannu ƙugunsa, babu komai. Ya zazzage jakar a ƙasa: sirinji, kwalba, auduga, biro. Tun da ya tafi makaranta ya daina ɗaura wuƙa, yana ganin ta ƙauyanci ce. Ya ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Ya ƙwala wa Kawu kira har maƙogwaronsa ya yi zafi, dutse ya yi ta maido masa da muryarsa.

Hankakin suna bisa kansa suna jira. Ya cire rigarsa ya lulluɓe mata kai, ya danne gefen da duwatsu, ya ruga.

Ya tarar da Kawu a inda ya bar shi, ido a sama. Bai yi sallama ba. Ya zare wuƙar daga ɗamarar dattijon, ya ce, "Tsagin gabas, bayan hanyar awaki," ya juya. Sau biyu yana faɗuwa, gwiwarsa ta fashe, bai tsaya ba.

Da ya yaye rigar, ƙudaje suka tashi kamar hayaƙi. Ya dubi cikinta. Ya kasa tantancewa ko yana motsi ko idonsa ne ke rawa. Ya kama ƙaho ya juya wuyan, ya yi bisimilla, ya yanka. Jinin bai yi tsartuwa ba. Ya ɗan tsiyayo baƙi, mai kauri, ya tsaya. Babu shure-shure.

Yana durƙushe a wurin Kawu ya iso yana haki. Dattijon ya dubi wuyan, ya dubi jinin. Ya yi shekara hamsin yana yanka, ya san abin da yake gani.

"Ta motsa ai, ko?" ya ce a hankali. "Da ka sa wuƙar."

Musaddiƙ ya dubi wuƙar da ke hannunsa.

"Ko wutsiya ce. Ko ƙiftawar ido. Kai kaɗai ne a wurin, ɗana. In ka ce ta motsa, ta motsa. Mu feɗe yanzu, kafin la'asar nama yana kasuwa, uwarka ta sami maraƙa."

Jikinta da ɗumi har yanzu a ƙarƙashin tafinsa. Da minti goma ya makara, ko biyar. Ya tuna mutanen da za su sayi naman nan su kai wa iyalinsu da bisimilla.

"Ba ta motsa ba, Kawu."

Kawu ya zauna a kan dutse, ya karɓi wuƙarsa, ya goge ta da ƙasa. Ƙudajen suka dawo suka rufe wuyan.

"Ni ba zan iya gaya wa uwarka ba," ya ce.

Musaddiƙ ya kakkaɓe rigarsa ya sa da jinin a jiki, ya kama hanyar ruga.