Jingar Kawu Yari

Kwana goma sha ɗaya ruwa na kwance a gonar Inna Maryamu, har ya shanye kan shinkafar. Jingar da aka ɗaga don tare gulbi ita ce yanzu ta hana ruwan sama fita. Ɗanta Tamba, wanda ya yi shekara shida a waje yana karatun ban-ruwa, ya taso daga Birnin Kebbi ranar Juma'a, ya shiga fadamar Argungu, ya auna, ya zana a takarda. Gulbi ya janye. In an fasa jingar daidai gindin giginya, kwana biyu ruwan ya fita.

Jingar kuwa ta Kawu Yari ce, yayan Inna, sarkin noman fadamar. Shekara talatin yana faɗin ba a taɓa jinga sai an yanke shinkafa.

Bayan masallaci manoma suka zauna ƙofar gidan Yari. Tamba ya riga ya ji ta bakin biyar cikinsu, kowa ya ce gaskiyarka. Sai ya miƙe, ya buɗe takardarsa, ya yi bayani, ya rufe da cewa jingar ce matsalar.

 Labbo, ɗaya daga cikin biyar ɗin, da ya fi kowa zaƙewa ɗazu, ya shiga ɓare goro.

"Ka ƙare, Injiniya?" in ji Yari. "Takardag ga, ta taɓa shiga gulbi?" Aka yi dariya. "Jinga tana nan." Ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha.

A gida Inna ko ruwa ba ta ba shi ba.

"Mi kay yi haka, Tamba? Kawunka ya aro diga huɗu tun jiya. Gobe da safe za ya fasa ta. Yau za ya faɗi."

"To ai bakinmu ɗaya. Me ya hana?"

"Kai ka hana. Da ka iske shi cikin gida, ya fito ya faɗi da bakinai. Yanzu in ya fasa, a ce ɗan ƙanwatai ya koya mai noma."

"Shinkafarki fa?"

"Tana cikin ruwa. Ku biyu kuna bisa tudu."

Washegari ya koma fadama ya sake aunawa, yana fatan ya ga kuskure ko da ɗaya, don ya sami abin janyewa. Babu. Ganyen ya fara wari.

Bayan la'asar ya je ƙofar gidan, ya durƙusa gaban mutane.

"Kawu, na yi gaggawa jiya. A bar jinga yadda take."

"Ashe boko na tuba," in ji Labbo.

Yari ya dube shi. "Wa yac ce a bar ta? Kun gani ko, bai san ruwa ba. Jiya ba lokaci ba na, gobe na lokaci. Kuma ba gindin giginya ba. Taku arba'in gaba, wajen suri."

Mutane suka ce sarkin noma ya hango nesa. Tamba ya tashi bai san ko ya ci ko an ci shi ba. Wajen suri ya fi gindin giginya tudu da taƙi guda, kuma duk wanda ke zaune nan ya sani.

Ran Lahadi aka fasa wajen suri. Ruwa ya fita da ƙarfi har azahar, sannan ya rage, ya tsaya. Rabin gonar Inna ya fito, rabi na ciki.

Yari ya zo ya tsaya kusa da Tamba, taɓo har gwiwa, bai dube shi ba.

"Can gindin giginya ya fi gangare," ya ce a hankali.

"To a fasa can, Kawu."

"Wa za ya ce?"

 In Tamba ya faɗa, an hana. In ya ce a bari, ya riga ya yi wannan jiya. Ma'aikata suka saɓa digoginsu suka nufi gari.

Buhu tara Inna ta samu bana, inda ta saba samun ashirin.