Fassarar Baba Mai Guga

Talabijin ɗin ya fi yadda ta zata nauyi. Mai Kitso ta rungumo shi kamar buhun gawayi, wayarsa na jan ƙasa, ta ratsa tsakar gidan hayar zuwa ɗakin Baba Mai Guga. Da ta koma ɗauko kwalin fina-finan sai gindinsa ya ɓalle, faifai goma sha biyu suka fice daga gidajensu suka tarwatse a siminti. Ta tsuguna tana tsaki, ta mayar da kowanne cikin gidan da hannunta ya fara kaiwa. A wurinta ai duk ɗaya ne, tsofaffin fina-finai ne marasa launi, na mutanen da suka daɗe da zama ƙasa.

Zuwa na uku shi ne mai wuya, don maigidanta za ta kawo. Direban babbar mota ne a da, mutumin da ba ya kwana biyu a gari ɗaya, har ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Shekara uku ke nan. A watannin farko ya juya wa duniya baya, ya ƙi abinci, ya ƙi baƙi, ita kuma ta kasa fita rumfarta ta kitso don tsoron abin da za ta dawo ta tarar. Ana cikin haka wata rana bayan azahar tsohon maƙwabcinsu ya yi sallama da kwali a hammata, ya ce, "'Yata, je ki nemi abincinku. Ni da Direba muna da aiki."

Aikin kuwa kallo ne. Kullum awa biyu, ba fashi. Baba ya shekara arba'in yana guga da dutsen gawayi a bayan wani tsohon gidan silima, kuma can ya koyi son fim ta hanyar da ba wanda ya taɓa ji: shi kayan jikin mutanen yake kallo. Ba ya jin yaren da suke yi, bai kuma damu ba. Sai ya rage sauti ya koma kamar kukan sauro, ya ɗora tasa fassarar. "Dubi karin wandon nan, Direba. Wanda ya goge shi yana tsoron Allah. Wancan kuwa mugu ne, tun daga kwalar rigarsa za ka gane, sitati ya yi yawa." Ita ba ta taɓa zama ta kalla ba. Daga bakin ƙofa dai ta ji dariyar maigidanta ta dawo, a karkace, amma dariya ce.

Abin da ke cinta shi ne, a shekara ukun nan tsohon bai taɓa barin ta ta gode masa ba. Da ta buɗe baki, "Baba, ban san da wane baki zan..." sai ya katse ta: "Matsa, kin tare mana allo." Ta kai masa abinci, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ƙaninta ya kawo musu sabon fim na zamanin sarakunan da, mai launi garau, tsohon ya ce a mayar, shi ba ya kallon abin da jikokinsa suka girme shi. Taurin kai dai irin na tsofaffi, in ji ta. Yanzu ga shi asibiti sun sallamo shi, sun gaya wa ƙanwarsa Goggo cewa ƙodar ta gama aiki, a kai shi gida a yi ta addu'a. Mai Kitso ta ƙudurta a ranta cewa ko zai zage ta, sai ya ji godiyar nan kafin ya tafi.

Taku ashirin ne tsakanin ɗakunan, suka yi shi a minti goma, maigidan na jan ƙafa, ita tana tallafe da shi. Ɗakin Baba ƙarami ne, fes, yana ƙamshin sabulu da man zafi. Riguna huɗu a rataye, kowacce da karinta kamar yau aka goge. Shi kuma yana kwance ya zama ɗan kaɗan a cikin bargo.

"Wa nake ji yana share mana tsakar gida da ƙafa?" ya ce. "Direba, kai ne? Yau kai ka biyo ni?"

Maigidan ya yi gurnanin da ke nufin e. Ta zaunar da shi a kujera kusa da gadon.

"Wanne za a sa, Baba?"

"Na jirgin ƙasa. Mai hoton agogo a bayan gidansa. Makon jiya muka yi na fadar sarauniya da na masu jirgin ruwa, saura shi."

Ta sa faifan. Da yake Goggo ta ce hayaniya na sa masa ciwon kai, sai ta kashe sautin gaba ɗaya. Tsohon ya karkata kunne, ya jira, goshinsa ya tattare.

"An fara?"

"An fara, Baba."

Ya gyara murya. "To. Ga tasha nan, hayaƙi ko'ina. Ga mutuminmu da doguwar kwat, yana duba agogo. Dubi kafaɗar kwat ɗin, Direba, ba a goge irin wannan sai an shimfiɗa ƙyalle mai laima a kai..."

Mai Kitso ta dubi allon. Babu tasha, babu hayaƙi. Wani babban zaure ne cike da kyandir, mata sanye da riguna masu faɗi kamar laima suna juyi, wata tsohuwa da kambi a ka tana harararsu. Ta buɗe baki za ta ce faifan ya sauya gida, sai ta ji hannun hagun maigidanta ya damƙe wuyan hannunta. Ta juya. Yana girgiza mata kai a hankali, idonsa ya kaɗa.

Sai a lokacin ta dubi idon tsohon da kyau. Yana fuskantar talabijin ɗin, amma ya ɗan zarce shi, bango yake kallo. Ta tuna yadda yake ratsa tsakar gida hannunsa na bin igiyar shanya, ita tana cewa aikin da ya saba ne ya bi jikinsa. Ashe fina-finan nan goma sha biyu ya haddace su ne, ɗan sautin nan shi yake bi.

Ta fita ta sami Goggo a bakin murhu.

"Goggo, tun yaushe?"

Goggo ba ta tambaye ta me take nufi ba. "An kusa shekara biyu. Ya ce in kin sani za ki ce ya huta, ki daina fita. Ya rantsar da ni, 'yar nan, ki yafe ni."

Kunya da tausayi suka rufe ta, har da ɗan haushi, don an daɗe ana yi mata wayo a cikin gidanta. Ta share fuska ta koma. Tsohon ya kai inda matar ke gudu a gefen jirgi, muryarsa na yankewa, a allo kuwa ana ta rawa. Ta durƙusa a gaban gadon, daidai tsakaninsa da talabijin ɗin. Bai ce ta matsa ba.

"Baba, na tare allo," ta ce.

Can ya saki ɗan murmushi. "Goggo ta fasa ƙwai ke nan."

"Ba ita ba ce. Ni na sauya wa faifan gida, na sarauniya ne a ciki. Baba, yau ba inda za ka kore ni. Ka dawo mini da mijina. Ka ciyar da gidana shekara uku, biyu a ciki kana lalube. Na gode. Allah ya saka maka da abin da ba ni da shi."

Ta jira ya ce ɗankwalinta bai ga guga ba. Bai ce ba. Ya laluba ya sami kanta, ya dafa.

"Na ji, 'yata. Na karɓa. Amma ki sani ni ma an yi mini. Wa zai zauna awa biyu yana sauraron makaho in ba Direba ba?" Ya numfasa. "To, tunda sarauniya ce, gaya mini, an zubar mata da shayi a riga ko tukuna?"

"Tukuna."

"Madalla. Zauna ki gani, wurin nan yana ƙona mini rai."

Ta zauna, karo na farko, suka kai shi ƙarshe su uku.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Goggo ta leƙo ta kira ta da murya ƙasa-ƙasa, ta gane Baba ya cika. Da aka gama shirya shi, maigidan ya nuna ƙofar gida da haɓa. Ta fitar masa da kujera bakin titi, tunda ba zai iya bin su ba. Da aka fito da makarar sai ya ɗaga hannunsa na hagu, irin ɗagawar da direbobi ke yi wa juna a hanya. Mutanen na tafiya a hankali, layin kuma dogo ne, hannun ya fara rawa. Ta matso ta tallafi gwiwar hannun, suka riƙe shi a sama har aka sha kwana.