Ciyawar Bakin Eleyele

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon Babandi da kwalekwale. Tun da rikici ya raba su da Baga yake zaune a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, yana kasa bandar kifi a bakin masallaci, kifin da ba shi ya kama ba. Gwiwoyi sun gaji, ido ɗaya ya soma yana.

Wata Talata Nana Firdausi, 'yar maƙwabcinsa mai aiki da wata ƙungiyar kula da muhalli, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, damina ta daina zuwa a kan ƙa'ida, ana tsara yadda za a kare tafkin Eleyele. An ce a ji ta bakin waɗanda suka san ruwa."

"Sau uku ana jin ta bakina, 'yata. Su rubuta, su ɗauki hoto, shi ke nan."

Kunyar mahaifinta ce ta sa ya bi ta suka hau keke mai ƙafa uku.

A bakin tafkin suka tarar da leburori suna sare ciyawar gaɓa, wai tsafta. Babandi ya tsuguna da ƙyar, ya cusa hannu cikin saiwoyin, ya fito da 'ya'yan kifi kamar ƙwayar shinkafa.

"Kainuwa za ku kwashe, ita ke shaƙe ruwa. Wannan kuwa nan kifi ke haihuwa, ita ke riƙe ƙasa in ruwa ya sauko da ƙarfi. A wurinmu, daga ruwan fari sarkin ruwa ke hana jefa raga a irin wannan wuri har wata biyu."

Nana Firdausi ta mayar da maganar Yarabanci. Jami'in da ke kula da aikin ya duba takardarsa, ya ce daga sama aka ce a share.

Wani tsohon masunci Bayarabe, Baba Alao, yana gefe yana ɗinkin raga. Ya ce mahaifinsa ma haka yake yi. Ya tashi ya kafa sanda a gaban ciyawar wurin da yake ɗaure jirginsa, ya zauna a gindinta. Leburorin suka kewaye shi suka ci gaba. Abin da ya tsira bai fi taku talatin ba.

Bayan wata huɗu tsarin ya fito. Nana Firdausi ta zo ta karanta wa Babandi layi biyu da aka ambace shi a shafin ƙarshe, an rubuta sunansa Babangida.

"Ciyawar Alao fa?"

"Tana nan, Baba."

"To, a bar ta," ya ce. Ya nemi ta miƙo masa buta, la'asar ta yi.