Ragon da Aka Yi wa Dutse Alkawari

Mijina Puntsag maharbi ne a da. Shekarar da 'yarmu Yanjmaa ta kamu da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, lama, malamin addininmu na Buddha, ya ce masa dutse ne ya yi fushi: ragunan dawan da ya harbe sun yi yawa, sai ya mayar da ɗaya da rai. Shi ke nan fa, mutumin ya rataye bindiga, ya kama aiki a shingen da ake kiwon tumakin dawa don a sake su. Ya zaɓi ɗan rago, ya ɗaura masa shuɗin alharini a wuya. Daga ranar ba mai yanka shi, ba mai sayar da shi, na dutse ne.

Saura ƙiris a buɗe musu ƙofa sai gudawa ta shiga garken, har da jini, ragon Puntsag ma bai tsira ba. Likitar dabbobi, wata yarinya Narmandakh, ta ɗebi kashinsu ta duba.

"Baba, ƙwayoyin cuta ne a hanjinsu, ido ba ya ganin su. A dawa ba sa kiwo inda suka yi kashi. A nan kuwa ina za su matsa?"

Puntsag ya ce, "To ba shi magani in kai shi dutsen."

"Magani zan ba shi. Amma in ya hau, ya kai wa na sama cutar."

Ya ce to. Ni na yi ta zuba masifa har shayin madara ya tafasa ya zube.

Ragon ya yi ta ramewa, ƙaho ya fi ƙarfin wuya. Ranar da ya mutu Puntsag ya wasa wuƙa, wai ko kan ne ya kai ƙololuwar dutsen ya ajiye, yadda ake yi wa dokin kirki a wajenmu in ya mutu. Likita ta ce a'a, dukansa za a binne. Shi da kansa ya haƙa ramin.

Washegari ya hau dutsen hannu rabbana. Ni kam ko tsoro ban ji ba, zuciyata ta riga ta daskare. Na tatsi shanu, na kwashe toka. Da yamma ya shigo, Yanjmaa na tari a bayan murhu.

"Baban Yanjmaa, me ka ce masa?"

"Na ce ya ƙara mana lokaci."

"Ya ce me?"

Ya zauna ya cire takalma, ɗaya bayan ɗaya.

"Dutse ne, Tsevel. Me zai ce?"