Kwalekwalen Jiya

Malama Alisabatu ta shekara talatin da ɗaya tana koyar da lissafi a Maikunkele kafin ta yi ritaya, kuma har gobe ba ta iya ganin kuskure ta wuce shi. Da gilashin wayarta ya fashe, sai ta kai ta wurin Jiya, wani Banufe mai gyaran waya a Dutsen Kura. Bayan ya gyara, ya yi ta kame-kame, can ya ce akwai wani wasan wasa ƙwaƙwalwa da ya haɗa da kansa, ko za ta gwada ta faɗa masa inda ya gaza. Ta ce ya sa mata a wayar.

Wasan na ƙetarar da mutane kogi ne a kwalekwale. Tun ranar farko ta ɗauko littafi da jan biro tana rubuta kurakuransa. Launin ruwa da na ƙasa kusan ɗaya ne. In ka yi kuskure ba damar komawa baya, sai dai ka sake daga farko. Mataki na uku ya fi na takwas wuya. Ga ƙarar ruwa da ba ta kashuwa. Duk da haka cikin kwana huɗu ta cinye matakai goma.

A na goma sha ɗaya ta maƙale. Yara bakwai ne a kan tudu da wata dattijuwa mai koren zane, ruwa na hawa. Sahu biyu kawai kwalekwalen ke yi kafin tudun ya nutse. Yana ɗaukar mutum huɗu, amma a sahun farko akwai buhunan shinkafa biyu da suka cinye wurin mutum ɗaya. Uku da huɗu bakwai. Dattijuwar kuma, ko ka ja ta da yatsa, ba ta shiga muddin akwai yaro a ƙasa. Kullum ita ake bari. Ba ta ihu, ba ta ɗaga hannu, tana tsaye tana kallonka ruwa ya kai ƙugu, ya kai wuya.

Malama ta fara ganinta a inda ba ta. Tana wanke shinkafa a roba, sai ta tsaya tana kallon yadda ruwan ke rufe ta. A coci ran Lahadi wata mata ta zo da koren zane, Malama ta kasa bin waƙar.

A kwana na tara, da hantsi, yatsanta ya zame ya daɗe a kan buhu ba da niyya ba. Sai buhunan suka faɗa ruwa. Huɗu da huɗu. Kowa ya ƙetare.

Ta hau keke Napep har Dutsen Kura, littafi a hammata. Ta tarar da Jiya yana buɗe bayan wata waya da ɗan sukundireba. Ta karanta masa kurakuran ɗaya bayan ɗaya, yana dariya yana cewa, "Gaskiya ne, Mama."

"Babban laifinka yana na sha ɗaya," in ji ta. "Ba abin da ya nuna ana iya zubar da buhunan. Mai wasa ba boka ba ne. Da ƙyar na gano."

Jiya ya ajiye sukundireban. "Kin ƙetarar da ita?"

"Ita da yaran duka. Kuma ga wani kuskuren: da suka isa, ba abin da ya faru. Ba barka, ba mataki na gaba. Suna nan tsaye kawai."

"Ban san abin da zan zana a wurin ba," ya ce.

Sannan ya ba ta labari, idonsa a kan tebur. Shekara shida ke nan, ambaliya ta ci ƙauyensu a bakin kogi. Shi ne a kan kwalekwale. Yaran gidansu da na maƙwabta bakwai, da innarsa, suka fake a kan wani tudu. Ya riga ya loda shinkafar iri buhu biyu, abin da za su shuka baɗi. Innarsa ta ce ya kwashe yara tukuna, za ta jira. Da ya dawo a sahu na uku, ko alamar tudun bai gani ba.

"Na sa hanyar a wasan, na ɓoye ta," in ji shi. "Mutum arba'in da wani abu sun buga, har da 'yan jami'a. Ba wanda ya tuna da buhunan. Duk wanda ya zo ya ce matakin ba ya ciwuwa, sai in ji sanyi a raina. Ke ce ta farko."

Malama ta ji littafin ya yi mata nauyi a cinya. Ta rufe shi.

"Ɗana, kwana tara na yi a kan kujera, ƙafata a bushe. Na sake ya fi sau ɗari biyu. Kuma ban gano ba, yatsana ne ya zame."

Jiya ya gyaɗa kai, amma ta ga maganar ba ta shige shi ba. Ya ce, "Wasan yana nan a buɗe?"

Ta miƙa masa wayar. Ya riƙe ta da hannu biyu. Ga yara bakwai a wancan gaɓar, ga dattijuwa a tsakiyarsu, zanenta ko jiƙewa bai yi ba. Wani mutum ya leƙo da waya a hannu ya yi sallama sau biyu, ba a amsa ba, ya wuce.

Malama ta miƙe ta gyara ɗankwalinta. Ta ce za ta aiko a karɓa in ya gama, ba sauri. Har ta kai bakin titi tana jiyo ƙarar ruwan daga cikin shagon.